Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Nemi Ganin Mai Ba Da Shawara, Da Abin Yi Idan Lamari Ya Zama Na Gaggawa

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato ko sakamako ya fito, tambayoyin da ɗalibai ke yi kusan iri ɗaya ne: idan damuwa ta yi wa mutum yawa ina zai nufa, wa zai gani, nawa zai biya, kuma ko maganar za ta kai kunnen iyayensa ko malaman sashensa? Matakan da ke ƙasa sun bi yadda abin yake gudana a jami'o'in Najeriya. Sunayen ofisoshi kan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan, amma jerin abin da ake yi bai cika canjawa ba. An yi amfani da "ka" don sauƙin rubutu, amma maganar ta shafi ɗalibai mata kamar yadda ta shafi maza.

Mataki na 1: Tantance ko lamarin zai iya jira

Hanyoyi biyu ne, kuma kuskure mafi haɗari shi ne a bi ta farko alhali ta biyu ake buƙata. Ta farko ita ce neman a sa maka rana da mai ba da shawara. Ita ta dace da wanda barci ya ƙaurace masa, ko karatu ya daina shiga, ko yake fama da fargabar jarrabawa, rashin wani na kusa, matsalar gida, rabuwa da wanda ake nema da aure, nauyin kwasa-kwasan da ya faɗi, ko shan ƙwaya da ya fara fin ƙarfinsa. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi yana da sauƙin riƙewa: idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 a jere, kusan kullum, har ya taɓa cin abinci, barci ko zuwa lakca, to lokacin neman taimako ya yi.

Ta biyu ita ce ta gaggawa, kuma ba a neman rana a kanta. Wanda yake tunanin kashe kansa, ko ya sha wani abu da niyyar cutar da kansa, ko yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kwana uku ko huɗu bai runtsa ba yana ta surutu marar kan gado, ko aka yi wa fyaɗe, ya tsallake kai tsaye zuwa mataki na 7 da waɗanda ke biye da shi.

Gargaɗi: kada ka auna damuwarka da ta wani ka ce taka ba ta kai a je ofis ba. Masu ba da shawara sun fi son ganin ɗalibi tun matsalar tana ƙarama, domin a lokacin zama uku ko huɗu na iya wadatarwa.

Mataki na 2: Nemo ofishin da ya dace

A yawancin jami'o'i, ofishin ba da shawara yana ƙarƙashin Sashen Harkokin Ɗalibai, wato ɓangaren da Din na ɗalibai ke shugabanta, kuma a allon ƙofa za ka ga an rubuta Guidance and Counselling ko wani suna makamancinsa. Idan ba ka san inda yake ba, duba ɗan littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka ba ka lokacin rajistar shekarar farko, ko ka tambayi sakataren ofishin Din. Ba sai ka faɗi dalili ba, kuma ba a saba tambaya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce asibitin makaranta. Idan damuwar ta zo da alamu a jiki, kamar bugun zuciya, ciwon kai da ya ƙi tafiya, rama ko rashin barci mai tsanani, a ganina nan ya fi dacewa a fara, saboda ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo da wasu magunguna kan haifar da alamun da suka yi kama da na damuwa, kuma likita ne kaɗai zai iya bambancewa. Mai ba da shawara yana sauraro, yana koya maka dabarun shawo kan tunani da tsara karatu, amma ba ya rubuta magani.

Gargaɗi: a jami'o'in da ke da mazauni fiye da ɗaya, kamar Samaru da Kongo a Zariya, ko tsohuwa da sabuwar jami'a a Bayero, ka tabbatar a wane mazauni ofishin yake kafin ka kashe kuɗin mota.

Mataki na 3: Haɗa takardu, ka san kuɗin da ke gabanka

Ka riƙe katin shaidarka na ɗalibi, da takardar shaidar rajistar wannan shekarar, da katin asibitin makaranta. Idan ka taɓa ganin likita a kan irin wannan matsala, ka zo da tsohon kati da kwalin duk maganin da kake sha, har da na gargajiya.

Ganin mai ba da shawara na jami'a yawanci ba a biyan komai, domin yana cikin hidimomin da kuɗin rajista ya ɗauka. Ganin likita a asibitin makaranta kuma yana shiga ƙarƙashin inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, wadda ake haɗa kuɗinta cikin na rajista a makarantun da ke cikin shirin. Inda kuɗi ke fara fita shi ne idan an tura ka wani asibiti a waje: buɗe fayil, gwaje-gwaje, magungunan da ba su cikin jerin inshora, da kuɗin mota. Masu zaman kansu da ke ganin mutum ta waya ko ta intanet suna karɓar kuɗi a kan kowane zama, kuma yana da kyau a tambayi farashi da shaidar ƙwarewarsu tun kafin a fara.

Gargaɗi: ɗalibai da dama kan kai aji uku ba su buɗe fayil a asibitin makaranta ba, sai ranar da ciwo ya kayar da su a shiga neman hoto da rasit. Ka buɗe shi a makon farko na zango, kana lafiya lau.

Mataki na 4: Neman a sa maka rana

Wasu ofisoshin suna da lambar waya ko adireshin imel, amma abin da ya fi saurin aiki shi ne ka je da ƙafarka a ranar aiki, da hantsi, kafin ma'aikata su fita taro ko salla. Ranar Juma'a bayan ƙarfe 12 ba lokacin zuwa ba ne. A teburin farko ba a buƙatar labarinka. Ya wadatar ka ce: "Malama, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a aji biyu, ina son a sa mini lokacin ganin mai ba da shawara." Za a ba ka fom ko rajista ka rubuta suna, lambar ɗalibi, sashe da lambar waya. Inda aka nemi dalili, kalma ɗaya kamar "karatu" ko "matsala ta kaina" ta isa.

Abubuwa uku ya kamata ka faɗa tun a nan. Idan kin fi sakewa da mace, ko ka fi sakewa da namiji, a faɗa, domin buƙata ce da aka saba ji. Idan da Hausa za ka fi iya fitar da abin da ke ranka, ka tambaya ko akwai mai jin Hausa, saboda mutum kan iya rubuta jarrabawa da Turanci lafiya lau amma ya kasa bayyana ƙuncinsa da shi. Na uku, kuma mafi muhimmanci, idan an ce sai mako mai zuwa alhali ka san ba za ka iya kaiwa ba, ka faɗa a fili: "Malama, ba na jin zan iya jira, ina buƙatar ganin wani yau." Wannan jimla tana canja yadda za a ɗauki maganarka, kuma ba wanda zai san halin da kake ciki idan ka yi kara ka ce ba komai.

Ka zaɓi lokacin da ba ka da lakca a bayansa kai tsaye, domin wani lokaci mutum kan fito daga zaman farko jikinsa a mace. Ka rubuta ranar, ka sa ƙararrawar tuni a waya, ka kuma karɓi lambar da za ka kira idan uzuri ya taso.

Gargaɗi: makonni biyu kafin jarrabawa su ne lokacin da ofisoshin nan suka fi cika. Kuma idan ka je ka tarar da ofis a kulle, ko an ce jami'in ya fita, kada ka ɗauka ƙofa ta rufe ke nan; ka wuce asibitin makaranta a ranar, ka gaya wa likita abin da ya kawo ka.

Mataki na 5: Zaman farko da batun sirri

Zama kan ɗauki tsakanin minti 45 zuwa awa 1. Za a tambaye ka yaushe abin ya fara, yadda barcinka da cin abincinka suke, halin da ake ciki a gida, ko kana shan wani abu, da ko ka taɓa tunanin cutar da kanka. Tambaya ta ƙarshen nan kowa ake yi wa ita, ba don an ga wani abu a fuskarka ba. Da yake mutum kan manta rabin abin da ya zo da shi da zarar ya zauna, ka rubuta abubuwa uku ko huɗu a takarda tun daga ɗaki, ka miƙa ta idan baki ya yi nauyi.

Kafin ka fara bayani, kana da damar tambaya: "Malam, wa zai ga abin da za a rubuta, kuma a wane hali za a sanar da wani?" Ƙa'idar aikin ita ce ba a kai maganarka ga iyaye, malamai ko abokai sai da izininka, in ban da inda rayuwarka ko ta wani ke cikin haɗari, ko kotu ta nema. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin sirri ga mai neman irin wannan kulawa, ta kuma hana a nuna masa wariya. Ganin mai ba da shawara ba ya fitowa a takardar sakamakonka.

Kada ka tashi sai ka san abu uku: ranar dawowa, abin da za ka gwada kafin ranar, da wanda za ka kira idan abin ya tsananta da dare.

Gargaɗi: ɓoye shan tiramadol, kodin ko wiwi don jin kunya yana sa a yi maka maganin abin da ba shi ne ke damunka ba. Haka kuma, idan bayan zama biyu ko uku ka ga jininku bai haɗu da jami'in ba, ka nemi a canja maka wani maimakon ka daina zuwa gaba ɗaya.

Mataki na 6: Idan an tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa

Kalmar nan tana tsorata mutane, har wasu kan ninke takardar su jefa ƙarƙashin katifa. Mafi yawan waɗanda ke zuwa sashen nan ganin likita suke yi su koma gida a ranar, kamar masu hawan jini. Akwai sashen a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da na Jos, sannan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Ka karɓi takardar turawa mai hatimi daga asibitin makaranta, ka tambayi ranar da ake ganin sababbin marasa lafiya, ka yi sammako, ka kuma tafi da wani idan zai yiwu.

Idan an rubuta maka maganin tsananin damuwa, ka sani yana ɗaukar mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ji amfaninsa sosai, kuma a kwanakin farko yakan kawo tashin zuciya, jiri ko yawan barci. A wurin 'yan ƙasa da shekara 25, tunanin cutar da kai kan iya ƙaruwa a makonnin farko, don haka duk wani canji irin wannan a koma wurin likita a ranar.

Gargaɗi: kada ka daina magani rana ɗaya don ka ji sauƙi ko don azumi ya zo, likita zai iya mayar da lokacin sha zuwa bayan buɗa-baki ko sahur. Addu'a da ruƙya ba sa karo da magani, amma duk wanda ya ce ka zubar da maganinka, ko ya kawo batun duka ko ɗaure marar lafiya da mari, ka nisance shi.

A nan ne kuma ake gyara batun karatu, wanda ɗalibai suka fi yin asara a kansa. Idan rashin lafiyar zai hana ka rubuta jarrabawa, ka nemi rahoton likita, asibitin makaranta ya tabbatar da shi, ka rubuta wasiƙa ta hannun kodinetan ajinku da shugaban sashe, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Jami'o'i suna da tsarin jingine zango ko shekara saboda rashin lafiya, amma suna da wa'adin kai takarda. Wanda ya tafi gida shiru, sai bayan sakamako ya fito ya dawo da bayani, yakan tarar an riga an rubuta masa faɗuwa a kowane kwas.

Mataki na 7: Idan kai ne ke cikin halin gaggawa

Abu na farko, kada ka zauna kai kaɗai. Ka fita daga ɗakin, ka buga ƙofar maƙwabci, ko ka je wurin fotan hostal, ka faɗa da kalmomin da ba su da harshen damo: "Ina tunanin kashe kaina, ku kai ni asibiti." Na biyu, ka miƙa wa wani duk abin da ka san za ka iya cutar da kanka da shi. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi sannan ya lafa, kuma nisanta mutum da abin cutarwa a wannan ɗan tsakanin yana ceton rai.

Asibitin makaranta a manyan jami'o'i yana da mai aikin dare, kuma sashen gaggawa na kowane asibitin koyarwa ko babban asibiti a buɗe yake awa 24. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, sai dai ba a ko'ina agaji ke zuwa da wuri ba, don haka kada jiran ta ya hana a tari adaidaita sahu ko a tashi mai mota. Ƙungiyoyi irin su SURPIN, wadda ta samo asali daga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, da MANI, suna da layukan da ake kira a yi magana da ƙwararru, kuma lambobin suna kan shafukansu. Ka kwafe su yau, tare da ta ofishin tsaro na jami'a da ta asibitin makaranta, a waya da kuma a takarda, saboda ranar da wayar ba ta da caji.

Mataki na 8: Idan abokin zamanka ne

Alamun da bai kamata a wuce su ba sun haɗa da raba kayansa, neman yafiya daga kowa ba tare da dalili ba, rubuta kalaman bankwana a WhatsApp ko Facebook, yawan cewa ya zame wa iyayensa nauyi, ko natsuwa ta farat ɗaya bayan dogon ƙunci. Ka keɓe da shi ka tambaye shi kai tsaye: "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe kanka ne?" Bincike ya nuna cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma sau da yawa ita ce ke ba shi damar yin magana.

Idan ya ce e, ka saurara. Wannan ba lokacin wa'azi a kan girman zunubi ba ne, ko tuna masa cewa wasu sun fi shi shiga uku. Ya riga ya san waɗannan, kuma jin su yakan sa ya yi shiru. Ka zauna da shi, ka aika wani ya kira fota ko jami'an tsaro, ku raka shi asibiti. Limamin masallacin makaranta, ko shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ta ɗalibai Kirista ta FCS, suna da amfani wajen raka shi da kwantar wa iyaye hankali, amma bayan an kai shi gaban likita.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin riƙe wannan sirri, ko da ya haɗa ka da Allah. Kuma idan ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin amai kan wuce huhu ya ƙara ɓarna. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha, a lura da lokacin, a tafi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, saboda wasu magunguna sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke nuna illarsu a hanta. A hana ɗaukar hoto ko bidiyo.

Wajen sanar da iyaye, a zaɓi wanda ya fi natsuwa a gidan, a yi magana a taƙaice: "Baba, yana asibiti, likitoci suna tare da shi, ana buƙatar wani babba ya zo." Sauran bayani likita ya yi.

Mataki na 9: Idan fyaɗe ne

Lokaci yana da muhimmanci a nan. Maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120, kuma duk yadda aka gaggauta ya fi. Idan zai yiwu kada a yi wanka ko a wanke tufafin kafin a je, amma ko an riga an yi, a je. Cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato suna ba da magani da shawara kyauta, kuma samun kulawarsu bai rataya a kan sai an kai ƙara ba.

Mataki na 10: Hutu, yajin aiki da karatu a waje

Kafin a rufe makaranta, ka nemi likita ya rubuta maka maganin da zai kai ka, da takardar da za ka nuna a asibiti mafi kusa da garinku, ka kuma tambayi mai ba da shawara ko ana iya ci gaba ta waya. Wanda aka sallama daga asibiti bayan halin gaggawa ya koma ganin likita cikin mako 1, domin makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗari ya fi yawa.

Ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje za su tarar ana neman rana ta shafin intanet na jami'a, kuma galibi akan fara da gajeriyar tantancewa ta waya. A Amurka da Kanada lambar masu cikin irin wannan hali ita ce 988, a Ingila akwai Samaritans a 116 123 da kuma 999 don motar asibiti, a Turkiyya da ƙasashen Tarayyar Turai kuma 112. Idan jinya za ta sa a rage kwasa-kwasai ko a jingine zango, a fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin a sa hannu a kowace takarda, saboda rage karatu ba tare da izininsu ba yana iya taɓa biza.